Kafin Sauti Ya Shiga Kwamfuta: Bitar Littafin Mike Senior Kan Naɗar Sauti

A 1973, lokacin da Paul McCartney ya sauka Legas don naɗar faifansa Band on the Run, na'urar da ya tarar a situdiyon kamfanin EMI layi takwas kacal take iya ɗauka. Yau kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce da ta sha jiki, tana ɗaukar ninkin-ba-ninkin wannan ba tare da ta yi nishi ba. Situdiyo ɗungurungum ya koma cikin jakar goyo: kwamfuta, ƙaramin akwatin nan da ke karɓar sauti daga makirufo ya miƙa mata, wanda 'yan sana'a ke kira intafes, sai makirufo ɗaya ko biyu, hedifon, wayoyi da sandar kafa makirufo. Matashi na iya saɓa shi a kafaɗa ya hau babur ya tafi duk inda mawaƙi yake.

Amma wanda ke sauraron abin da ke fitowa daga ƙananan situdiyoyi, namu da na wasu ƙasashe, ya san da sauran rina a kaba. Murya ta fito a toshe, ko ta zo da tsini mai sukar kunne, ko amon ɗaki ya lulluɓe kalmomi har sai an kasa kunne sosai kafin a gane abin da mawaƙi ya ce. Sai a ɗora wa makirufo laifi, a shiga tara kuɗin sayen wani mai tsada. Ya iso, a jona shi, matsala na nan daram.

Domin mai irin wannan damuwa ne Mike Senior ya rubuta littafinsa Recording Secrets for the Small Studio, wanda kamfanin Focal Press ya fitar a 2014, aka sake buga shi da gyare-gyare a 2022. Senior injiniyan sauti ne ɗan Birtaniya. Ya yi aiki a situdiyoyin Landan, amma abin da ya fito da sunansa shi ne rubutunsa a mujallar Sound On Sound, musamman shafin Mix Rescue, inda masu karatu kan aiko masa da waƙoƙin da suka naɗa a ɗakunansu, ya sake haɗa su, ya bayyana daki-daki abin da ya taɓa da dalilin taɓawa. Littafinsa na farko, Mixing Secrets for the Small Studio, ya fito a 2011, kan yadda ake haɗa sautukan da aka riga aka ɗauka. To, wanda ya shafe shekaru yana jinyar waƙoƙin da aka raunata tun a wajen ɗauka, dole wata rana ya so zuwa inda ake jin raunin. Littafi na biyu ke nan. Maganarsa kuwa, daga bango zuwa bango, guda ce: kyan sauti ko muninsa yana tabbata ne tun kafin ya shiga kwamfuta. Ɗakin da aka zaɓa, inda aka tsayar da mawaƙi, inda aka kafa makirufo, da halin da zuciyar mawaƙin ke ciki, su ne ke da kaso mafi tsoka. Abin da ya rage wa kwamfuta ɗan kaɗan ne.

Tsarin littafin ne ya fara burge ni. Kashi huɗu ne, babi 12, kuma kashi na farko gaba ɗayansa ba a kafa makirufo gaban kowa ba. Babin farko cewa ya yi ka samo wata na'ura mai fitar da sauti da kanta, ka jona ta da kayan ɗaukarka, ka naɗa. Na'ura ba ta gajiya, ba ta fushi, ba ta duba agogo, saboda haka kana da sararin koyon abubuwan da kan kunyata mutum a gaban baƙi: wace waya ke shiga wace kafa, me ya hana sauti isowa, ta ina wannan gunjin yake shigowa. Ya koyar da bin sawun matsala mataki-mataki, daga tushen sauti har zuwa kwamfuta, maimakon a yi ta zare wayoyi ana mayarwa cikin ruɗewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mawaƙi da 'yan amshinsa suna jira, shi kuwa gumi na keto masa yana laluben dalilin shiru, zai san darajar wannan babi. Sai hannu ya faɗa a nan, sannan ɗan Adam ya shigo; sannan makirufo ɗaya; sannan makirufo da yawa kan abu ɗaya; daga ƙarshe taron makaɗa a ɗaki guda. Kowane babi yana ƙarewa da taƙaitaccen bayani da kuma aikin da za ka je ka gwada da hannunka.

A wannan kashin ne ake raba mai karatu da wata ɗabi'a da muka gada daga zamanin kaset. A da, in ba ka cika sauti har allura ta kusa shiga ja ba, shuuu ɗin kaset zai rinjayi waƙar. Da yawa sun taho da wannan tsoro cikin kwamfuta, suna murɗa ƙarfin shigar sauti har ya daki rufi. Alhali kwamfuta ba ta da afuwar kaset. In sauti ya wuce iyaka, kansa take gutsurewa, kuma abin da ta gutsure ba ya dawowa. Lissafin a fili yake. Faifan CD yana aiki da bit 16, inda tazarar da ke tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi ta kai kusan desibel 96. Kusan kowane intafes na yau yana ɗauka da bit 24, wanda a lissafi ya kai desibel 144. Ke nan fili ya wadata. Ka bar wa sauti sarari a sama, desibel 10 ko fiye, yadda in mawaƙi ya zabura ya ɗaga murya a tsakiyar baiti, ko mai kalangu ya ji daɗi ya ƙara wuta, ba za a yi asarar ɗaukar da ta fi kowace armashi ba. Mawaƙanmu na gargajiya kuwa ba sa sanar da kowa kafin su zabura.

Abu biyu ne suka fi addabar mai aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma duka biyun littafin ya taɓo su. Ɗaya jinkiri: mawaƙi ya furta kalma, sai bayan ɗan lokaci ya ji ta a hedifon. Dalili shi ne kwamfuta tana tara sauti ƙunshi-ƙunshi kafin ta sarrafa shi. In aka saita ƙunshin a 1024, ana ɗauka a gudun 48,000 cikin daƙiƙa, jinkirin shiga kaɗai ya haura kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa, kuma wannan ya isa ya rikita wa mawaƙi kari. In aka rage zuwa 128, jinkirin ya faɗo ƙasa da kashi 3, amma tsohuwar kwamfuta sai ta fara sarƙewa, sauti na tsinkewa. Mafita mafi sauƙi ita ce a bar mawaƙi ya ji kansa kai tsaye daga intafes tun sautin bai shiga kwamfuta ba, kuma yawancin ƙananan intafes suna da maɓallin yin haka. Ɗayan kuma gunjin lantarki ne. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawa kan sulalo ta cikin wayoyi ta kwanta a ƙarƙashin waƙa, musamman in an jona na'urori da yawa a soket daban-daban. A nan zan ƙara nawa a kan na marubucin: wannan fage ne da kwamfutar tafi-da-gidanka ta yi wa ta tebur fintinkau a ƙasashenmu. Ka cika batir, ka zare caja. Ƙaramin intafes daga jikin kwamfutar yake shan wutarsa ta USB, har da bolt 48 ɗin da makirufo mai laushin ji ke bukata. Situdiyonka gaba ɗaya ya rabu da wutar gari. A kashe janareto, a kashe fanka na 'yan mintuna, sai ka ji wani shiru da ba ka san ɗakin yana da shi ba.

Babi na biyu ne ya fi shiga raina, shi ne na mu'amala da mutum. Littattafan fasaha da yawa suna magana kan mawaƙi tamkar wata na'ura ce da ake jonawa. Senior ya ɗauke shi a matsayin mutum mai jin kunya, mai gajiya, mai bukatar a kyautata masa. Ka gama duk shirinka kafin ya iso. Ka tabbatar abin da yake ji a hedifon ya yi masa daɗi, domin wanda ba ya jin kansa sosai zai yi ta ƙaraji, wanda kuma muryarsa ta cika masa kunne zai noƙe. Ka san abin da za ka faɗa bayan an gama ɗauka, domin shirun injiniya a wannan lokaci yana karya gwiwa fiye da suka. Na karanta wannan ina tuna dattawan makaɗanmu, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna waƙa a fada da gidan biki da dandali, suna shan ƙarfi daga idon jama'a da amsawar 'yan amshi, sai ga shi an kulle mutum shi kaɗai a wani ƙuntataccen ɗaki, an ɗaura masa abu a kunne, an ce ya rera ɗiya ɗaya ya tsaya. Abin da zai fito ba waƙarsa ba ce. Littafin bai san da Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ba, amma ƙa'idarsa ta kama su: injiniya ne ke bin mawaƙi. Har ma a babi na biyar ya nuna yadda za a ɗauki murya mawaƙi na sauraron kiɗa ta lasifika, ba hedifon a kansa, ga wanda hedifon ke takura wa.

Sai batun ɗaukar murya, inda shawara guda ta isa ta biya kuɗin littafin. Makirufon da aka fi amfani da shi wajen murya fuska ɗaya gare shi: yana ji ta gaba sosai, ta gefe kaɗan-kaɗan, ta ƙeya kuwa kusan kurma ne. Kamar tocila yake. In ka haska mutum, har bangon da ke bayansa ka haska. Muryar mawaƙi tana fita ta daki bangaye ta dawo, kuma wadda ta dawo daga bangon da ke bayansa ita ce ke faɗawa bakin makirufo kai tsaye. Saboda haka wurin da ya fi bukatar abin tsotse sauti shi ne bayan mawaƙi da gefensa. Mutane da yawa kuwa bayan makirufo suke kewayewa, wato ɓangaren da dama can ba ya ji. Abin da Senior ya ce a rataya ba wani kayan kanti mai tsada ba ne, bargo ne mai kauri, irin na lokacin sanyi. Bargo biyu da igiyar shanya, ko katifa a jingine, sun fi kwalayen ƙwai da ake liƙa wa bango amfani nesa ba kusa ba. Kwalin ƙwai da siririn soso saman sauti kawai suke ɗan ragewa, su bar kaurinsa yana ta kai-komo, shi ya sa ɗakin da aka lulluɓe da su yake ba da murya a toshe.

Ragowar shawarwarin wannan babi ƙanana ne, amma kowace tana da tasiri. A sa raga tsakanin baki da makirufo saboda iskar da ke fita tare da harafi irin su b da f. A ɗaga makirufo sama da saitin leɓe kaɗan, kada numfashi ya riƙa dukansa. Kada mawaƙi ya manne da shi, domin makirufo mai fuska ɗaya yana ƙara wa murya kauri in an matso shi sosai, kuma ɗan motsin kai sai ya sauya sautin. Ga mai kwamfutar tafi-da-gidanka akwai riba ta musamman a wannan kurumtar ƙeyar makirufo: ka ajiye kwamfutar a bayansa, nesa kaɗan, sai hucin fankarta ya ragu ƙwarai a cikin abin da ka ɗauka.

Babi na shida, na ɗaukar kayan kiɗa da makirufo ɗaya, shi na fi gwadawa da hannuna. Koyarwarsa ita ce kayan kiɗa ba ta kafa ɗaya suke fitar da sauti ba. Kowane sashe na jikinsu yana ba da nasa, kuma sai an ɗan ja baya sannan sassan ke haɗuwa su zama sautin da kunne ya sani. In ka kafa makirufo dab da abu, sashe ɗaya ka ɗauka. Ka fara gyara sautin daga tushe, ka nemi inda ya fi daɗi a ɗakin, ka zagaya kana saurare, sannan ka kafa.

Na ga gaskiyar wannan a wani zauren ƙasa, wajen ɗaukar wani dattijo mai kalangu. Makirufo na dab da fatar da yake duka, abin da ke shigowa hedifon kuwa ƙwas-ƙwas ɗin gula ne kawai. Maganar kalangun, wato hawa da saukar da yake yi in an matse igiyoyin a hammata an saki, ba ta fito ba. Na miƙa masa hedifon ya saurara. Ya ɗan yi shiru, ya cire, ya ce, "Yaro, wannan ai sanda ka ɗauka, ba kalangu ba." Na ce, "To Baba, daga ina kake jin ya fi fita?" Ya nuna wani wuri da haɓa, wajen taku biyu daga gabansa, ɗan gefe, inda masu saurare kan zauna. Nan aka mayar da makirufo, a tsayin ƙirjin mutum a zaune. Sai ga fatun biyu sun haɗu, kalangu ya buɗe baki, har kana iya bin kirarin da yake yi. Ba a taɓa komai a kwamfuta ba. Haka kukuma take: in ka matsa kusa, kartar izga za ka kwasa, in ka ja baya kaɗan, sai ƙwaryar ta yi magana. Zauren kansa ya taimaka. Katangar ƙasa mai kauri tana tare hayaniyar waje, fuskarta mai gargada tana warwatsa sauti, saɓanin ɗakin siminti mai tayil da silin, inda tafi ɗaya ke dawo maka da wata ƙara mai karkarwa. Mai situdiyon jaka yana da 'yancin da mai kafaffen situdiyo ba shi da shi: yana iya zaɓen ɗaki. Ka shiga, ka tafa hannu, ka yi magana da ƙarfi, ka saurara. In bai yi ba ka nemi wani.

Kashi na ƙarshe, na ɗaukar taron makaɗa, shi ne mafi wahalar karatu, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da kiɗanmu. Tun shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, an saba da hanya guda: a haɗa kiɗa a na'ura, mawaƙi ya shiga shi kaɗai ya ɗora murya, 'yan amshi su biyo baya. Wannan hanya ta haifar da waƙoƙi masu daɗi, ba na musu. Sai dai ba ta iya ɗaukar kiɗan da ransa ke cikin haɗuwa, inda jagora ke jefawa 'yan amshi na cafewa, masu kotso ko kalangu suna bin numfashinsa, maroƙi na kutsowa da kirari a inda ya ga gurbi. In aka raba su aka ɗauki kowa daban, an kashe abin. Senior ya nuna hanyar farawa da makirufo biyu a matsayin ginshiƙi, su ɗauki taron baki ɗaya, sannan a daidaita ƙarfin kowa ta hanyar matsar da mutane: mai ƙara ya ja baya, mai sanyin sauti ya matso. In akwai wanda har yanzu bai fito ba, sai a ƙara masa nasa makirufo don cike giɓi. Ya bi hanyoyin jera makirufo biyu ɗaya bayan ɗaya, daga wadda ake haɗa kawunansu wuri guda, wadda asalinta ke komawa ga aikin Alan Blumlein a 1931, zuwa wadda gidan rediyon Faransa ya fito da ita, inda ake raba su da santimita 17 a buɗe su digiri 110. Ƙaramin intafes mai kafa biyu ya isa yin wannan.

Ya kuma kawar da wani tsoro da ke hana mutane ɗaukar taro, wato tsoron sautin wani ya shiga makirufon wani. A wurinsa wannan cuɗanya ba abokiyar gaba ba ce; in an sarrafa ta, ita ce ke ɗinke sautuka su zama abu ɗaya. Haɗarin gaske yana wani wuri. Sauti yana tafiyar kusan santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, saboda haka in abu ɗaya ya isa makirufo biyu a lokuta mabambanta, aka haɗa su, wasu sassan sautin suna cinye juna, a samu sauti mai rami a ciki. Bayaninsa kan wannan, da yadda ake jin sa da kunne a gyara ta hanyar matsar da makirufo 'yan santimita, yana daga cikin mafi fayyacewa da na karanta.

Wani abin yabo shi ne marubucin bai kafa kansa a matsayin mai fatawa ba. Ya tattaro maganganun injiniyoyi da furodusoshi fiye da 200, irin su Geoff Emerick da ya yi aiki da Beatles, da Bruce Swedien da ya naɗi Thriller na Michael Jackson, da Al Schmitt, da Steve Albini, kuma ya bar su suna saɓa wa juna a shafi ɗaya. Wannan ya ce a matso, wancan ya ce a ja baya. Mai karatu yana fita da fahimtar cewa kowace dabara tana da abin da take bayarwa da abin da take ƙwacewa, kuma kunnensa ne alƙali. Don kada abin ya tsaya a takarda, ya tanadi misalan sauti kyauta a shafinsa na intanet na Cambridge Music Technology, ciki har da taskar da aka ɗauki kayan kiɗa iri-iri daga wurare daban-daban a lokaci guda, ka saurara ka ji da kanka abin da matsar da makirufo ke yi.

Littafin yana da nasa giɓi, kuma ya kamata mai saye ya san da su. Mai neman a ce masa ga kwamfutar da zai saya, ga manhajar da zai sa, ga jerin kayan da zai zuba a jaka, ba wannan ne littafinsa ba. Dabarun ɗauka ne a gabansa, ba cefane ba. Na fahimci dalili, tunda kayan kasuwa suna tsufa cikin 'yan shekaru, amma ɗan koyo zai so a kama hannunsa a nan. Turancinsa ma mai nauyi ne, cike da barkwancin Ingilishi da kan sha wa baƙo kai, kuma surorin tsakiya sun cika maƙil da bayani har mutum ya gaji in ya ce zai karance su a zama ɗaya. Babban giɓin a wurinmu shi ne duniyar da aka rubuta shi dominta. Misalansa jita ne da fiyano da gangunan Turawa da goge irin nasu, a ɗakuna masu rufi da ƙofa. Mu kuwa rabin kiɗanmu a fili ake yin sa. Iskar hunturu da ke kaɗa makirufo, ƙurar da ke shiga kafofin kwamfuta, zafin bazara da ke sa fankarta ihu, kakaki da algaita da ba a yi su don cikin ɗaki ba, duk waɗannan mai karatu ne zai nemo musu dabara: rigar gashi mai tare iska a kan makirufo, aiki da sassafe ko bayan isha'i, ajiye kwamfuta a inuwa a kan abin da iska ke ratsa ƙarƙashinta.

Duk da haka, tushen maganarsa ya tsallaka waɗannan iyakoki, kuma akwai fayafayan da ke ba shi shaida. Justin Vernon ya naɗi For Emma, Forever Ago a wata bukkar farauta a jihar Wisconsin ta Amurka, cikin sanyin 2006 zuwa 2007, da tsohuwar kwamfuta da makirufo Shure SM57, wanda ake ƙerawa tun 1965 kuma yana cikin masu araha a sana'ar. Ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawa ta kwashi kayan ɗauka zuwa hamadar da ke kusa da Djanet a kudu maso gabashin Aljeriya, ta naɗi Tassili, wanda ya fito a 2011 ya kuma ci kyautar Grammy. A Nijar, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya je har ƙauyen Illighadad ya ɗauki Fatou Seidi Ghali da 'yan uwanta a sarari, faifan ya fito a 2016, kuma motsin ƙauyen da ake ji a bayan jitarta yana cikin abin da ya sa faifan ke da rai. A duka ukun, situdiyo ne ya tafi wurin waƙa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wannan ne ya sa nake ganin littafin ya zo mana a kan gaɓa. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma da yawa daga abin da ke yawo a wayoyinmu na manyan makaɗan da suka gabata kwafin kwafi ne daga kaset, an matse shi an sake matsewa har kiɗan ya dushe. Waɗanda suka rage a raye, masu gurmi da garaya da kuntigi da taushi, da mata masu shantu da kiɗan ƙwarya a cikin gidaje, galibinsu ba za su taɓa taka matakalar situdiyo a birni ba. Jakar goyo za ta iya isa gare su. Wurin ajiya ma ba matsala ba ne: layi ɗaya a bit 24 da gudun 48,000 yana cin kusan megabayit 8.6 a minti, wato layi biyu na awa guda sun ɗan haura gigabayit ɗaya. A ajiye asalin a tsarin WAV, kwafi biyu a wurare biyu, kafin a matse wanda za a tura wa jama'a ta WhatsApp.

Abin da nake fata wani daga cikinmu zai ɗauka daga Senior shi ne waccan taska tasa ta wuraren kafa makirufo. Babu kalangu a cikinta, babu goge irin namu, babu algaita. Aikin kuwa bai fi ƙarfin sashen koyar da aikin jarida ko wasan kwaikwayo na wata jami'a ba, ko ma matasa uku masu intafes mai kafa takwas: a samo gwanin makaɗi, a biya shi hakkinsa, a jera makirufo iri ɗaya a gabansa da gefensa da samansa da bayansa, a ɗauki kiɗa ɗaya a lokaci guda, a rubuta nisan kowane makirufo da tsayinsa da irin ɗakin, a yi bayanin da Hausa, a saka inda kowa zai iya saukewa. A fara da kalangu, tunda shi aka fi ɗauka ba daidai ba, sannan kukuma da gurmi.